Yawon tsibiran Zanzibar: Maganar da ya kamata ƙawaye su yi kafin su hau ruwa

A wannan makon za mu fito daga bayan kanta mu ɗan sha iskar teku, kodayake za ku ga cewa har can maganar magani ba ta ƙyale mu ba.

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo Abuja. A da idan mata suka yi adashi, kuɗin kan tafi ne wajen kayan ɗaki ko gwal ko Umara. Yanzu kuwa za ki ga ƙawaye, 'yan aji ɗaya ko 'yan ofis ɗaya, suna zubi na shekara guda don su tafi hutu bakin teku. Cikin wuraren da ake zuwa, Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya ta fi kwanta wa mutanenmu a rai. Mafi yawan mazaunanta Musulmi ne, za ki ji kiran Sallah daga ɗakinki, ba ki da fargabar abin da za ki ci, kuma babu mai bin hijabinki da kallo.

Nakan gane cewa lokacin hutu ya ƙarato daga tambayar da ake yawan yi min a kantin magani: "Anti, bakin teku za mu, me zan riƙe?" Jerin sunayen magani ake jira in karanto, kuma zan kawo shi a ƙasa. Sai dai tafiyar da muka yi mu shida a watan Agusta ta nuna min cewa akwai abin da ya riga jakar magani muhimmanci, wato ƙawaye su gaya wa juna gaskiyar lafiyarsu kafin su taka jirgin ruwa. Mu mutanen tudu ne, yawancinmu ba mu iya iyo ba. Ga mu kuma da kunya da kara, halaye masu kyau a cikin gida, amma masu iya jawo asarar rai a tsakiyar teku. Maza masu tafiya da abokai, ku ma maganar ta shafe ku.

Tun daga gida

Mu fara da takardu, don su ne ke mayar da mutum daga filin jirgi. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a bakin shiga, dole sai ya nema ta intanet tun yana gida, kuma amsar kan ɗauki lokaci, don haka kada a bari sai tafiya ta matso. Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda jami'an lafiya na tashoshin shiga da fita ke bayarwa. Katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma a jiki, saboda haka wadda ta je aka yi mata ana gobe tafiya ta makara. Abin daɗin shi ne tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Haka nan daga ranar 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi masu shigowa sayen inshorar tafiya ta Dala 44. Jirgi kuwa, babu mai tashi kai-tsaye daga Abuja. Mu ta Adis Ababa muka bi, muka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume.

Ana saura mako biyu mu tashi, muka taru a gidan babbar cikinmu, wadda duk muke ce wa Yaya, don ƙarasa lissafin masauki. Bayan an gama sai na raba wa kowa takarda, na ce ta rubuta abu huɗu: ciwon da take fama da shi, maganin da take sha kullum, abin da jikinta ba ya so na abinci ko magani, da kuma ko ta iya iyo. Aka yi ta dariya, wata ta ce, "Likita, hutu za mu ko asibiti?" Haka suke kirana, duk da na sha gaya musu harhaɗa magunguna na karanta.

Da aka karanta takardun sai dariyar ta tsaya. Mun haura shekara goma tare, mun yi bukukuwan juna, amma ran nan ne wasunmu suka fara sanin cewa ɗaya daga cikinmu tana da sikila. Wata tana da asma, ta kuma daɗe ba ta sayi abin shaƙa ba don ciwon ya kwana biyu bai tashi ba. Yaya tana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Wata kuma tana shirin karɓar maganin ɗage al'ada a wajen maƙwabciyarta da ta dawo daga Umara, alhali irin wannan magani ba a shan sa sai likita ya duba, musamman ga mai tarihin daskarewar jini a jijiya, ga kuma doguwar zama a jirgi. A cikin mu shida, mutum ɗaya ce kawai ta iya iyo, ita ma a tafkin otal. Wannan takarda ita ta tsara mana tafiyar gaba ɗaya.

Birnin Dutse

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya. Manyan su ne Unguja, inda babban birnin yake, da Pemba a arewa, sai ƙanana da yawa a kewaye. Tsohon garin, wanda ake kira Stone Town, wato Birnin Dutse, yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su tun shekarar 2000. Idan kin taɓa ratsa lungunan cikin birnin Kano ta wajen Kurmi, ba za ki ji baƙunci sosai ba: lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, dattawa zaune a kan dakali, yara na dawowa daga makarantar allo, ga ƙamshin turare da gahawa. Bambancin shi ne gidajen na dutsen teku ne, masu hawa biyu ko uku, da manyan ƙofofin katako da aka sassaƙa aka ƙawata da ƙusoshin tagulla.

Garin ya bunƙasa ne bayan Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa can a wajajen 1840. Arzikinsa kanumfari ne da hauren giwa da kuma, abin baƙin ciki, cinikin bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873, aka gina coci a wurin, kuma har yau ana shiga da baƙi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da shi. Mun fito daga nan babu mai magana. A 1964 aka kifar da sarautar, a watan Afrilun shekarar kuma Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya.

Ni abin da ya fi tsayar da ni shi ne wani dogon gini mai barandar katako a bakin ruwa, wanda ake kira Tsohon Ɗakin Magani. Wani attajiri ɗan asalin Indiya, Tharia Topan, shi ya aza harsashinsa a 1887 da niyyar ya zama asibitin talakawa, aka kammala a 1894 bayan rasuwarsa, daga baya aka riƙa raba magani a ƙasansa. Kuma tunda an zo maganar magani, ki sani da Sawahili "dawa" ake ce masa, kantin magani kuma "duka la dawa". Ƙawayena sun yi ta tsokanata cewa ashe dukan dawa na je jami'a na koyo.

Akwai abu ɗaya a harshen da ya kamata mai shan magani ta kiyaye. Agogon Zanzibar yana gaba da na Abuja da awa biyu. Bayan wannan kuma, Sawahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirgen lokaci, don haka "saa moja", wato ƙarfe ɗaya a wajensu, ƙarfe bakwai ne na safe a namu. Idan mai kwale-kwale ya ce ku haɗu "saa mbili", ƙarfe takwas yake nufi. Mai allurar insulin, ko mai shan maganin farfaɗiya ko ƙwayar tazarar haihuwa, ta saita ƙararrawa a wayarta ta yadda tazarar da ke tsakanin sha da sha ba za ta canja ba.

Tsibirin da aka gina wa kurkuku

Fitarmu ta farko a kan ruwa zuwa Changuu ce, wani ɗan tsibiri da bai kai tafiyar kilomita shida daga Birnin Dutse ba, kimanin rabin awa a ƙaramin jirgin katako mai inji. Mun riga mun biya kuɗi, mun tattare bakin zannuwa mun taka ruwa mun shiga, sai Yaya ta ce a miƙo rigunan kariya. Mai jirgin ya zaro guda huɗu daga ƙarƙashin benci, ɗaya ma igiyarta ta tsinke. Ya yi murmushi ya ce ruwan a kwance yake, kuma shi shekara da shekaru yana wannan hanya. Na ga wasunmu sun fara kallon juna, irin kallon nan na "kada mu zama masu fitina a garin mutane". Yaya ta miƙe ta ce, "Malam, mu shida ne, riga shida muke so. In babu, mu sauka." Cikin minti goma yaronsa ya aro cikon daga wani jirgi.

'Yar'uwa, ki riƙe wannan. Rigar kariya sawa ake yi a ɗaure ta tamau kafin jirgi ya tashi, ba matashin zama ba ce. Kuma a gwada: idan aka kama kafaɗunta aka ja sama ta haura kunnuwanki, ta yi miki yawa, za ta suɓule a cikin ruwa. Su kansu mutanen Zanzibar sun ɗanɗani ɗacin wannan. A ranar 10 ga Satumban 2011 jirgin Spice Islander, wanda aka yi wa lodin da ya wuce kima, ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, aka tsamo gawarwaki kimanin 200, wasu da yawa kuma ba a sake ganinsu ba. Shekara ba ta cika ba wani jirgin, Skagit, ya kife a watan Yulin 2012. Mu ma a gida ba mu manta da Bagwai ta Jihar Kano ba, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife da mutane, aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa na kashe mutum kusan 300,000 duk shekara. Wadda ta tambayi riga ba ta yi rashin tawakkali ba, raƙuminta ta ɗaure.

Tarihin Changuu zai burge duk ma'aikacin lafiya. An gina kurkuku a can a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba. Sai Turawan Ingila suka mayar da wurin killace matafiya, don kada jiragen ruwa su shigo wa garin da annoba irin zazzaɓin shawara. Wato katin nan da ake tambayarki a filin jirgi, jikan wannan tsibiri ne. Yau abin da ake zuwa gani shi ne manya-manyan kunkuru, waɗanda asalinsu kyauta ce ta guda huɗu daga gwamnan tsibiran Seychelles a 1919. Wasunsu sun haura shekara ɗari, girman ɗaya ya kai babban turmi a kife. Idan kin shafa su ki wanke hannu da sabulu kafin ki ci wani abu, domin dabbobi irinsu kan ɗauki ƙwayar cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi.

Daga nan muka wuce Nakupenda, ma'anar sunan "ina son ki". Tudun farin yashi ne zalla a tsakiyar teku, babu bishiya ko ɗaya, babu gini. Yana fitowa idan ruwa ya janye, in ruwa ya dawo ya shanye shi. Ban taɓa ganin launin ruwa irin na wurin ba, kore-kore a kusa, shuɗi kamar baba a nesa, kana kallon yatsun ƙafarki a ƙasa. Masu jirgi sukan kafa rumfar yadi su gasa kifi a wurin. Amma fa babu inuwa sai wannan rumfa, kuma Zanzibar tana dab da tsakiyar duniya inda rana ke dukan kai tsaye, ga farin yashi da ruwa suna mayar da hasken fuska.

Kada ki ce ai mu baƙaƙe ne, rana ba ta ƙona mu. Tana ƙonawa, kuma ta fi tsanani ga mai shafa man bilicin, don ya riga ya sa fatar ta yi sirara ya rage mata kariyar da Allah Ya yi mata. Wata da muka tarar a can, 'yar ƙasarmu, kafin La'asar fuskarta ta yi jawur tana raɗaɗi. Haka mai shan doxycycline saboda ƙurajen fuska, ko ciprofloxacin, fatarta kan ƙone da wuri. A nemi man kariyar rana mai lamba 30 ko sama, a shafa kafin a fita, a maimaita duk bayan awa biyu da kuma bayan an fito daga ruwa. Malafa da tabarau da dogon hannu sun fi kowane mai aiki.

A nan ne takardarmu ta fara amfani. Tunda mun san mai sikila a cikinmu, ba sai ta roƙa ba: gorar ruwanta ba ta taɓa zama wayam ba, ba ta daɗe a cikin ruwa ba, kuma tana fitowa ake miƙa mata tawul da busassun kaya. Ƙishirwa da sanyin jiƙaƙƙen kaya a cikin iska da gajiya suna daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Ita ma Yaya, saboda maganinta mai fitar da ruwa daga jiki, mun riƙa tuna mata ta sha ruwa, ta kuma riƙa miƙewa a hankali don kada jiri ya ɗebe ta.

Arewa, inda ruwa ke da ƙarfi

Kwana biyu bayan nan muka koma Nungwi a ƙarshen arewacin Unguja, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a mota. Garin masunta ne da masassaƙan jiragen katako, za ki gan su a bakin ruwa suna aiki da gizago kamar masassaƙan turmi a ƙauyukanmu. Daga wannan yanki ake ɗaukar baƙi zuwa kewayen tsibirin Mnemba. Ba a sauka a kansa domin a hannun masu wani masauki yake, a ruwan gefensa ake tsayawa a leƙa kifaye masu launi-launi, wani lokaci a ci sa'a a ga dabbar nan dolfin.

Watan Agusta lokacin iskar kudu ce da suke kira "kusi", don haka igiyar ruwa ta riƙa ɗaga jirgin tana saukewa. Tashin zuciyar jirgin ruwa yana faruwa ne saboda ido na gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana zaune, cikin kunne kuma na cewa ana motsi. Maganinsa, irin su cinnarizine, ana sha ne kamar awa biyu kafin a hau. In amai ya riga ya fara, ya zama aikin banza. Kuma yana sa barci da mutuwar jiki, saboda haka wadda ta sha kada ta shiga ruwa mai zurfi. Mai ciki ta tambayi likitanta tukuna. A ci abinci kaɗan mara maiƙo, a zauna a tsakiyar jirgi, a zuba ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Tauna ɗanyar citta na taimaka wa wasu.

Da muka isa, sai ga baƙi daga wasu jiragen suna ta faɗawa ruwa, masu jirgi na cewa kowa ya shiga, ai da riga. Mai asmarmu ta ce ƙirjinta ya ɗan riƙe, ba za ta shiga ba. Babu wadda ta ce mata "haba ƙawas, kuɗinki fa", domin mun sani. Ta shaƙi maganinta, wanda yake cikin jakar hannunta ba a masauki ba, ta zauna tana ɗaukar mu hoto. Mu da muka shiga, da rigunanmu a ɗaure, muna riƙe da igiyar da ke jikin jirgi. Kada kuma a shiga ruwa da doguwar abaya ko babban hijabi. In suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Akwai kayan iyo na mata masu rufe jiki duka, har da kai.

A Nungwi ɗin ne na ji labarin da ya fi tsaya min a rai. Duk da teku ta kewaye su, matan Zanzibar da yawa sun tashi ba su iya iyo ba, saboda ana ganin bai dace da 'ya mace ba. Wata ƙungiya ta yankin mai suna Panje ta riƙa koya wa mata da 'yan mata, cikin kayan da suka rufe jiki, suna rungumar jarkokin roba don koyon yawo a kan ruwa. Wasu daga cikinsu sun zama masu koyarwa. Na ce a raina, in su sun iya warware wannan ba tare da sun ajiye suturarsu ba, me zai hana matan Yawuri da Lakwaja da Baga, da mu 'yan Abuja masu kai yara bakin tafkin Jabi?

Gabas, inda teku ke tafiya ta dawo

Zangonmu na ƙarshe Paje da Jambiani ne a gabas. A nan sau biyu a yini teku kan janye ta yi nisa har sai kin hango ta can kamar zare, ta bar fili fetal. Sai ki ga mata sun fito da kanga a ɗaure suna shiga gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a yankin tun wajajen 1989, kuma mata ne suka fi riƙe ta. Suna ɗaura ciyawar a igiyoyi tsakanin turaku, in ta girma su shanya su sayar, a fitar da ita waje a yi amfani da ita a abinci da man shafawa da magunguna.

Filin nan yana jan mutum ya yi ta tafiya, kuma haɗarinsa biyu ne. Na farko, ruwan yana dawowa da sauri fiye da yadda baƙo ke zato, kuma baƙo ko da ido makaho ne, don haka a tambayi 'yan gari lokacin dawowarsa. Na biyu, akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya a cikin ciyawa da duwatsu. Ƙaramar cikinmu ta cire takalmin roba don hoto, ta taka ɗaya. Abin yi shi ne a tsoma ƙafar a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa na rabin awa ko fiye, a cire ƙayoyin da suka fito fili da hantsaki, a wanke da sabulu. Kada a tona da allura ko reza, don ƙayar tana da gautsi, karyewa take yi a ciki. In ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja, sai asibiti, a kuma duba allurar tetanus. Idan kuma halittar nan mai kama da farar leda ce ta yi harbi, da ruwan teku ake wankewa, kada a sa ruwan famfo, kada a murza. Maganar zuba fitsari kuwa camfi ne.

A bakin ruwan za a yi ta tallata miki ƙunshi. Ki zaɓi jan lalle. Baƙin nan da ke kamawa nan da nan galibi an haɗa shi da sinadarin rinin gashi, wanda kan sa fatar wasu ta yi bororo ta bar tabo.

Abin da za a ci

Da daddare a dandalin Forodhani na Birnin Dutse ana baje kolin abinci: kifi, jatan lande, ƙaguwa, da wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira "pweza", ga ruwan rake da citta da lemon tsami. Ki zaɓi abin da aka gasa a gabanki ya fito da zafinsa, ki bar wanda ya daɗe a tire. Duk wadda ta san ƙananan jatan landen da ake dakawa a miya suna sa mata ƙaiƙayi, ta nisanci danginsu gaba ɗaya. Ƙaiƙayi da borin jini kaɗan, chlorpheniramine na kwantar da su. Amma in leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ba a jira, sai asibiti nan take. Babban asibitin garin shi ne Mnazi Mmoja.

Naman kififiyar teku kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki ci. Wani lokaci yana ɗauke da guba da dafuwa ba ta kashewa. A watan Maris na 2024 yara takwas da mace ɗaya suka rasu a yankin Pemba bayan sun ci shi, aka kwantar da gommai a asibiti.

Jakar magani

Ga jerin da na yi alkawari. Kowa ta riƙe maganinta na kullum a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, da rarar kwana biyar ko fiye, a jakar hannu. Insulin ba ya shiga jakar da ake lodawa a cikin jirgin sama don yana iya daskarewa, ba a kuma barin sa a rana. Tramadol da kodin magunguna ne da doka ke sa wa ido, kada a tsallaka iyaka da su babu takardar likita, kada kuma a karɓi saƙon maganin wani.

Na taron kuma: parasitamol, wanda babba ba ya wuce giram huɗu a yini, kuma a tuna yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi, garin gishiri da sukari na gudawa, maganin tashin zuciya, chlorpheniramine, filasta da bandeji da hantsaki, man korar sauro, ma'aunin zafin jiki, da abin gwajin zazzaɓin cizon sauro. Zanzibar ta yi nisa wajen rage wannan zazzaɓi, mu kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke. Saboda haka zazzaɓin da ya tashi a kwanakin farko na tafiya, wataƙila guzurin sauron Abuja ne. A gwada kafin a sha magani. Idan gwaji bai nuna ba, a je asibiti, kuma a guji ibuprofen da diclofenac da asfirin, domin akwai zazzaɓin dengi a gaɓar gabashin Afirka, waɗannan magunguna kuma suna ƙara haɗarin zubar jini. Ga mai gyambon ciki ko wasu masu asma ma ba su dace ba, shi ya sa al'adar nan ta "ungo wannan, ni shi nake sha" ba ta da wuri a tafiya.

Wannan duka bai tsaya ga mai kuɗin zuwa Zanzibar ba. Ko Tarkwa Bay za ku a Legas, ko yawon kwale-kwale a tafkin Jabi, ko tsallaka kogi zuwa bikin ƙawa a ƙauye, ku zauna tukuna ku yi wa juna tambayoyin nan huɗu, ku kuma yi alkawarin cewa abin da aka faɗa amana ne. Ku naɗa mutum ɗaya da za ta ƙirga riguna ta ƙirga kawuna a kowane hawa da sauka. Ku bar wa wani a gida sunan masaukinku da lokacin dawowarku. Sannan ku amince tun a tudu cewa duk wadda ta ce "ba zan shiga ba", maganarta ta zauna, babu gori, babu lissafin kuɗin da aka kashe.

Ni dai na dawo da kanumfari da kirfa na tsaraba, na kuma yi rajistar koyon iyo a wani wuri da ke ware wa mata ranarsu a nan Abuja. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.